RUWAN DA KE ƘARƘASHIN ƘASAR BARNO

An shirya wannan bayani ne domin Hakimai da malamansu, waɗanda ke karɓar kukan talakawa game da ruwan sha kowace shekara in rani ya tsananta. Dagaci ya kan zo ya ce rijiyar garinsa ta ƙafe. Makiyaya su kan kawo ƙara cewa rijiyar burtsatsen da su ke shayar da dabbobi ta rage gudu. Sau da yawa shawarar da a ke yankewa ita ce a haƙa wata sabuwa. Amma kafin a kai ga haka, ya kamata shugaban jama'a ya san inda ruwan nan ya ke fitowa, da yawansa, da kuma ko yana komawa bayan an ɗiba. Masana ilmin ƙasa da duwatsu suna bin wannan magana a ƙasar Barno tun shekarun 1930, abin da suka gano kuwa ya shafi kowace gunduma da a ke shan ruwan rijiya a cikinta.

MASU BINCIKEN DA IRIN AIKINSU

A 1904 aka fara aiko masana su zaga ƙasar Arewa suna neman ma'adinai. Ɗaya daga cikinsu, Dokta J. D. Falconer, ya buga littafi a kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewa a 1911, shi ne kuma ya zama shugaban farko na Ma'aikatar Binciken Ƙasa da Duwatsu ta Nijeriya sa'ad da aka kafa ta a 1919. Babban ofishin ma'aikatar ya daɗe a Kaduna. Yanzu yana Abuja, amma ɗakunanta na gwaji suna nan a Kaduna.

Da fari hankalin ma'aikatar ya fi karkata ga kuza da kwal da zinariya. Ba a daɗe ba aka lura cewa a yawancin lardunan Arewa bukatar ruwa ta fi ta kowane ma'adini. Saboda haka ma'aikatar ta shiga aikin gina rijiyoyin siminti a ƙauyuka, ta riƙe shi har 1947 da aka danƙa shi ga Ma'aikatar Ayyuka. A 1934 masana biyu, Raeburn da Jones, suka fitar da rahoto na musamman a kan duwatsu da ruwan Kwarin Cadi.

Aikin masanin duwatsu aiki ne na haƙuri. In ana haƙa rijiyar burtsatse, ya kan tsaya a bakinta yana karɓar abin da injin ke tofowa. Kowane 'yan ƙafafu ya ɗibi kaɗan ya sa a jaka, ya rubuta zurfin da aka samo shi, ya rubuta ko rairayi ne, ko yumɓu, ko tsakuwa. In an cim ma ruwa, ya auna inda ya tsaya, ya auna galan nawa ya ke fita a sa'a guda, ya cika kwalba ya aika ɗakin gwaji. Rijiya ɗaya ba ta ba da labari mai yawa. Amma in aka jera rubutun rijiya ɗari a kan taswira, sai a ga hawa-hawan ƙasa sun haɗu daga wannan gari zuwa wancan, har a iya faɗin zurfin da za a sami ruwa a wurin da ba a taɓa haƙawa ba.

ƘASA IRI BIYU

In ana maganar ruwa, ƙasar Arewa ta kasu kashi biyu. Kashi na fari shi ne ƙasar tsohon dutse, kamar ta Zariya, da yawancin ta Kano da Bauci, da kudancin Katsina. A nan, in aka wuce ƙasar sama da marmara, sai a tarar da fa mai tauri wanda ruwa ba ya ratsa shi. Ruwan da ke akwai yana cikin ruɓaɓɓen dutse ne da tsage-tsagen fa, shi ya sa a kan haƙa nan a samu, a matsa taki ɗari a rasa.

Kashi na biyu shi ne manyan kwaruruwa, irin su na Sakkwato a yamma da na Cadi a gabas. A waɗannan wurare tsohon dutsen ya lotsa can ƙasa kamar ƙwarya, rairayi da yumɓu suka cika shi hawa bisa hawa. Rairayi yana riƙe ruwa a tsakanin ƙwayoyinsa, yana kuma sakinsa da sauƙi. Yumɓu kuwa tare ruwa ya ke yi, kamar daɓen ɗaki. Duk labarin ruwan Barno ya rataya ne a kan yadda waɗannan biyun suka jeru.

YADDA KWARIN CADI YA CIKA

Tafkin Cadi bai taɓa zama da girma ɗaya ba. A 1963 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 ya ragu har bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba, daga baya kuma ya ɗan farfaɗo. Can da, kimanin shekara 7,000 da suka wuce, ya ninka girmansa na 1963 wajen sau 14. Tudun rairayin nan mai tsawo da ya bi ta Bama da Maiduguri ya nufi arewa maso yamma, tsohuwar gaɓar tafkin ce, ko da ya ke yanzu ruwan yana nesa da ita da fiye da kilomita 100. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da kwalekwalen itace a zurfin kimanin ƙafa 16. Da aka gwada shi aka tarar ya yi wajen shekara 8,000.

Wannan cika da janyewa ta daɗe tana gudana, tun shekaru miliyoyi. In tafkin ya cika, laka mai laushi ta kan kwanta a gindinsa ta zama yumɓu. In ya janye, koguna su kan shimfiɗa rairayi a bisa yumɓun. In aka duba wannan yumɓu da madubi mai girmama abu, a kan ga ɓawon ƙananan tsire-tsiren ruwa waɗanda ido ba ya gani, shaidar cewa a cikin tafki ya kwanta. A Maiduguri an haƙa an tarar kaurin waɗannan shimfiɗu ya kai ƙafa 1,800, watau kusan mita 550.

HAWA UKU NA RUWA

A 1960 Barber da Jones, ma'aikatan binciken ƙasa, suka bayyana cewa rairayi mai ruwa a ƙarƙashin Maiduguri hawa uku ne, kowane hawa kuwa yumɓu mai kauri ya raba shi da ɗan'uwansa.

Hawan sama shi ne wanda masu haƙa da hannu ke cim ma. Shi ke shayar da rijiyoyin ƙauye tun kaka da kakanni. Ruwan damina da na koguna irin su Ngadda da Yedseram da Komadugu Yobe suna tsuma su shiga cikinsa, saboda haka ya kan hau in an sami damina mai albarka, ya sauka in an yi fari.

Hawan tsakiya shi ne ya fi faɗi, shi ne kuma ya yi suna. Zurfinsa daga ƙafa 500 ne zuwa ƙafa 1,250, watau kimanin gaba 80 zuwa gaba 200. Babu mai kai wa nan sai da inji.

Hawan ƙasa yana can ƙarƙashin na tsakiya, a Maiduguri sai an wuce mita 500 kafin a same shi.

Cikin shekarun 1950 aka tabbatar cewa in bututu ya huda yumɓun da ke bisa hawan tsakiya, ruwa ya kan hau da kansa har ya ɓuɓɓugo a bisa ƙasa, babu guga babu famfo. Ruwan yana fitowa da ɗumi, gama ƙasa tana ƙara zafi in ana nitsawa cikinta, shi ya sa mutane ke kiransa ruwan zafi. Gwamnatin Jihar Arewa ta sa aka haƙa irin waɗannan rijiyoyi da yawa a masarautun Barno da Dikwa, musamman domin shayar da shanu. Rahoton da masanan Nijeriya da na Amurka suka fitar tare a 1968 ya ƙidaya wajen rijiya 190 masu ɓuɓɓuga. Ya nuna cewa yankin da a ke samun wannan ruwa ya kai murabba'in mil 13,000, watau ya fi tafkin kansa faɗi a lokacin da ya ke cike a 1963. A kusa da Maiduguri da ƙyar ruwan ke kai wa bakin rijiya, amma a gaɓar tafkin, inda ƙasa ta fi gangarawa, ƙarfinsa ya isa ya hau bututu ƙafa 70 bisa ƙasa. Wata rijiyar galan 50 kawai ta ke bayarwa a sa'a, wata kuwa har galan 20,000.

ABIN DA KE TURO RUWAN SAMA

Misalin wannan ruwa kamar salka ne da aka cika ta fal, aka ɗaure bakinta, aka ɗora mata kaya mai nauyi. Muddin ba a huda ta ba, ruwan yana nan a matse. In aka soka mata tsinke, sai ya yi tsartuwa sama. In aka ƙara huda ta wuri goma, kowace ƙofa za ta yi tsartuwa, amma ƙarfin dukansu zai ragu tare, domin salka ɗaya su ke sha. Can an jima tsartuwar ta koma ɗiga, daga nan ta tsaya, alhali kuwa da sauran ruwa a cikin salkar.

Haka hawan tsakiya ya ke. Yumɓu ya rufe shi sama da ƙasa, ruwan da ke ciki yana matse. Daga wannan misali abu biyu sun fito. Na fari, rijiyar wannan gunduma da ta gundumar maƙwabta ba su rabu ba, abin da aka zubar a nan yana rage ƙarfin ta can. Na biyu, tsayawar ɓuɓɓuga ba ta nufin ruwa ya ƙare sarai, amma tana nufin daga ranar sai an sayi inji da mai da mai gadi kafin a sami abin da dā a ke samu kyauta.

SHEKARUN RUWAN

Sauran tambaya ita ce ko akwai mai ƙara wa salkar ruwa. Masu ilmin sinadaran ƙasa ne suka amsa wannan. Ruwan sama in yana tsuma cikin ƙasa, ya kan kwashi wani sinadari daga iskar da ke cikinta, ana ce da shi kabon 14. Wannan sinadari yana raguwa da kansa bisa ƙa'ida wadda ba ta sāɓawa: kowace shekara 5,730 rabinsa ya kan ɓace. Da zarar ruwa ya shige ƙarƙashin yumɓu, ba ya ƙara samun sabo. Saboda haka in aka auna abin da ya rage a cikin kwalba guda, za a iya lissafa tun yaushe ruwan ya rabu da sarari.

Masanan Jami'ar Maiduguri da abokan aikinsu na Ingila sun yi wannan awo cikin shekarun 1990 da bayansu. Sun tarar ruwan hawan tsakiya da na ƙasa ya shiga ƙasa kimanin shekara 20,000 da suka wuce, a wani zamani da ƙasar ta fi yanzu sanyi. Watau ruwan da yarinya ke tara a tulu yau a bakin rijiyar zafi ya riga kwalekwalen Dufuna da shekaru dubbai. Daminar bana ba ta kai gare shi, ta baɗi ma haka. In ma akwai abin da ke shiga daga gefen kwarin, bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da abin da a ke fitarwa. Hawan sama kamar gona ne, ana girbe shi kowace shekara. Hawan tsakiya kuwa gādo ne, abin da aka ci ya tafi.

ABIN DA YA FARU DA RIJIYOYIN

Masu rahoton 1968 sun yi gargaɗi tun a lokacin. Sun ba da shawara a ƙayyade abin da kowace rijiya za ta riƙa fitarwa, a kuma bar tazara mai yawa tsakanin rijiya da rijiya. Amma a wurare da yawa makunnin bakin rijiya ya lalace ba a gyara ba, ko kuwa aka cire shi da gangan domin ruwa ya taru ya yi fadama. Rijiyoyi suka yi ta gudu dare da rana, shekara da shekaru.

Lissafin wannan asara ba shi da wuya. A ce rijiya tana ba da galan 1,000 a sa'a. In aka bar ta a buɗe daga magariba zuwa wayewar gari, sa'a 12, galan 12,000 sun zuba a ƙasa, watau garwa 3,000 a dare ɗaya. A shekara guda ya zama galan 4,380,000. In aka ɗauka saniya tana shan galan 6 a yini, abin da ya zube a daren nan ɗaya ya isa ya shayar da shanu 2,000.

Awon da aka yi ta maimaitawa tun daga shekarun 1970 ya nuna ƙarfin ruwan yana raguwa. Rijiyoyi da yawa, musamman na wajen Maiduguri inda ƙarfin ba shi da yawa tun farko, sun daina ɓuɓɓuga, sai da inji a ke jawo ruwansu. Mutane su kan ɗora laifin a kan janyewar tafkin Cadi. Gaskiya ne fari ya taɓa rijiyoyin hawan sama, ya kuma sa jama'a da dabbobi sun ƙara dogara ga ruwan zafi. Amma yumɓu mai kauri ya raba tafkin da hawan tsakiya, babban abin da ya rage ƙarfinsa shi ne yawan ɗiba da yawan zubarwa. Har wa yau, tashin hankalin da ya auka wa Barno tun 2009 ya lalata rijiyoyi da yawa a ƙauyuka, ya tara jama'a masu ɗimbin yawa a Maiduguri, aka ƙara haƙe-haƙe a wuri ɗaya.

Akwai kuma wata ɓarna ta bisa ƙasa. Inda rijiya ke gudu duk shekara, garkunan shanu su kan zauna a wurin maimakon su yi gaba, har su cinye ciyawa su tattake ƙasa ta zama fako. Ruwan da ya kwanta kuma ya zama gidan sauro.

ƊANƊANON RUWA DA LAFIYARSA

Gwajin kwalba yana nuna abin da harshe ba ya ji. Ruwan hawan tsakiya a wurare da dama yana cin ƙarfe. Bututu ya kan yi tsatsa ya huje can ƙasa inda ba a gani, ruwa ya riƙa sulalewa cikin rairayin sama. Saboda haka rijiyar da gudunta ya ragu farat ɗaya, ko ta fara fitar da rairayi, mai yiwuwa ne bututunta ne ya lalace, gyara ta ke bukata.

Hawan sama shi kuma abin da ke damunsa daga bisa ya ke zuwa. A ƙasar Manga da wasu wurare na gaɓar tafkin ruwansa ya kan yi zartsi saboda kanwa da gishiri. A cikin garuruwa kuwa ƙazantar salga da bola tana tsuma ta isa gare shi, ta kawo kwalara da zawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa sinadarin naitiret, wanda ke nuna alamar irin wannan ƙazanta, kada ya wuce miligiram 50 a lita guda, na fuloraid kuma, wanda yawansa ke rina haƙoran yara, kada ya wuce miligiram 1.5. Ruwa yana iya zama garau a ido alhali ya wuce waɗannan iyakoki.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN HAKIMI DA MALAMINSA

Masana ba su iya zama a kowane ƙauye. Rabin aikin binciken ruwa rubutu ne, wanda ya fi kowa iya riƙe shi kuwa shi ne ofishin Hakimi. Ga abubuwan da ya kamata a kula da su:

1. Malamin Hakimi ya buɗe littafi na rijiyoyin gunduma. Ya rubuta sunan gari, da irin rijiyar, da shekarar haƙa ta, da zurfinta, da wanda ya haƙa.

2. A riƙa auna rijiyoyin hannu sau biyu a shekara, a ƙarshen damina da ƙarshen bazara, da igiya mai alamar ƙafa ko mita, daga wuri ɗaya a bakin rijiyar kullum.

3. Rijiya mai ɓuɓɓuga a auna ta da garwa da agogo: daƙiƙa nawa ta ke ɗauka kafin ta cika garwa. A rubuta da kwanan wata. Lissafin shekara biyar zai nuna ko tana raguwa.

4. Kowace rijiya mai ɓuɓɓuga ta sami makunni mai aiki, da mutum guda da Dagaci ya ɗora wa alhakin rufe ta in an gama ɗiba. In makunnin ya lalace, a kai rahoto ga hukumar ruwa ta jiha ba tare da jinkiri ba.

5. Duk wanda ya zo haƙa burtsatse a gunduma, ko na gwamnati ne ko ɗan kwangila, a nemi ya bar kwafin takardar da ta nuna hawa-hawan da ya ratsa da zurfin da ya sami ruwa.

6. Kada a yarda a gina salga ko a tara bola kusa da rijiya. A bar aƙalla ƙafa 100 tsakaninsu, a kuma ɗaure bakin rijiya da siminti.

7. In ɗanɗanon ruwa ko launinsa ya sāke, ko ciwon ciki ya yawaita ga masu shan rijiya ɗaya, a sanar da ma'aikatan lafiya a nemi a gwada ruwan. Rijiyar da aka bari kuma a sa a toshe ta yadda ya kamata, domin ramin da ke buɗe hanya ce ta ƙazanta zuwa ruwan kowa.

Ruwan nan bai san iyakar gunduma ba, bai kuma san ta ƙasa ba. Shimfiɗun da ke ƙarƙashin Barno sun wuce har cikin Nijar da Cadi da Kamaru, ƙasashen da suka haɗu da Nijeriya a 1964 suka kafa Hukumar Kula da Tafkin Cadi. Amma abin da manyan hukumomi za su yanke shawara a kansa, daga littattafan gundumomi ya ke fara taruwa. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Hakimin da ya zo da lissafin rijiyoyinsa na shekara biyar a hannu, ya fi wanda ya zo da kuka kawai samun kunnen injiniya, gama injiniya zai gane nan da nan ko gyaran bututu a ke bukata, ko makunni, ko kuwa lalle sabuwar rijiya.